Layukan Raman na gilaisin sun yi tsalle da na ɗumama kiristal ɗin: sauyin tsari ne ko kuskuren awo?

Dalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman a haska mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina nazarin yadda zafi ke shafar kiristal ɗin amino asid ta hanyar auna girgizar ƙwayoyinsa da na'urar Raman, wadda ke haska samfur da leza ta nuna kowace girgiza a matsayin layi, kuma na fara da gilaisin ne domin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, atam 10 kacal ke cikin ƙwayarsa. Na narkar da garin a ruwa, na bar ruwan ya ƙafe a hankali har na sami kiristal garau kamar gilashi, sannan na ɗora guda ɗaya a kan farantin ɗumama samfur, ina ƙara zafi da digiri goma-goma daga zafin ɗaki, ina ɗaukar awo a kowane mataki da leza mai tsawon zango nanomita 532.

Har zuwa wajen digiri 160 a ma'aunin Selsiyas ban ga abin mamaki ba, layukan suna zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, suna kuma ƙara faɗi. Amma tsakanin 170 da 180 sai komai ya canja a lokaci guda. Kiristal ɗin da nake hango har cikinsa ta madubin na'urar ya koma fari fat kamar alli, ya tsattsage, wasu layukan suka bar inda suke suka koma wani wuri. Da na bar shi ya huce, bai koma yadda yake ba. Layin miƙewar C-H, wato haɗin kabon da haidurojin, da na gani kusa da 2962 cm⁻¹ (ma'aunin saurin girgiza) kafin ɗumamawa, yanzu a zafin ɗaki yana kusa da 2972. Shin wannan sauyin tsarin kiristal ne na gaske, ko samfurin ne ya fara lalacewa, ko kuwa ni ce na yi kuskure a wajen awo?

MaiLeza:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin a kai ga batun sauyin tsari, ina so ki gaya mana ƙarfin lezar da kika sakar wa samfurin da girman gilashin da kika tattara hasken da shi. Dalilina shi ne, ma'aunin da ke jikin farantin zafin farantin yake faɗa miki, ba zafin ɗigon da hasken ya sauka a kai ba. Idan aka tattara miliwat da yawa a wuri mai faɗin maikuron ɗaya ko biyu, wurin kan fi sauran jikin kiristal ɗin zafi, kuma amino asid ba ya saurin watsa zafi kamar ƙarfe. Ni da idona na ga leza ta huda ƙaramin rami mai baƙin baki a jikin samfur alhali farantin yana nuna zafin da bai isa ya yi komai ba.

Akwai hanyar da hasken da kansa zai faɗa miki zafin wurin. Kowane layi yana fitowa a gefe biyu na layin lezar, gefen Stokes, inda hasken ya rasa kuzari, da gefen da ke kishiyantarsa, inda ya samu ƙari, kuma rabon ƙarfinsu yana bin dokar Boltzmann. A zafin ɗaki kuzarin zafi ya yi daidai da kusan 207 cm⁻¹, saboda haka layin da ke 100 cm⁻¹ zai fito a gefen kishiya da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa, na 1000 cm⁻¹ kuwa ba zai kai kashi 1 ba. Idan na'urarki tana ganin gefe biyun, ki zaɓi layi na ƙasa-ƙasa ki lissafa zafin daga gare shi, ki kwatanta da abin da farantin ya ce.

SabonShiga:
Malamai ku yi haƙuri da ni, wannan shekarar na fara karanta fannin. Na gane cewa kowane layi alama ce ta wata girgiza a cikin ƙwayar, amma ban gane abin da ya sa zafi zai matsar da layin ba. A ajinmu an koya mana cewa saurin girgiza ya dogara ne ga nauyin atam da ƙarfin haɗin da ke tsakaninsu, kuma zafi ba ya canja nauyin atam.

TsohonMalami:
Tambayarka tana kan hanya ɗana, kuma amsarta ce za ta taimaka wa mai tambayar farko ta rarrabe abin da aka saba gani da abin da ba a saba ba. Abin da aka koya muku a aji shi ne misalin ƙwallaye biyu da sifirin ya haɗa, sifirin da yake ja da turawa daidai wa daida ko yaya aka miƙe shi. Da haɗin atam haka yake, da zafi bai taɓa matsar da layi ba, kai da ma babu abin da zai kumbura idan ya ji zafi. Haɗin gaske yana da taurin kai idan aka matse shi, yana da laushi idan aka ja shi, don haka da girgiza ta ƙaru sai matsakaicin nisan atam ɗin ya ƙaru, haɗin ya ɗan sassauta, saurin girgizar ya ragu. Wannan kashi ɗaya ke nan, wato kumburar kiristal. Kashi na biyu shi ne girgizar da ke cikin kiristal ba ta zama ita kaɗai, tana miƙa kuzarinta ga wasu girgizoji masu ƙarancin sauri, kuma iya yawan zafi iya saurin wannan miƙawa. Girgizar da ba ta daɗe ba layinta faɗi yake yi. Klemens ya tsara lissafin wannan a 1966, Balkanski da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi a kan silikon a 1983, kuma har yau da lissafin nasu mutane da yawa ke gwada bayanansu. Abin lura shi ne duk wannan a hankali yake tafiya, idan ka zana wurin layi a kan zafi za ka sami lanƙwasa mai santsi wadda ba ta da karaya.

Sai ka haɗa da yadda amino asid yake a cikin kiristal. Ba ya zama yadda ake zana shi a allo da NH₂ a gefe da COOH a gefe. Haidurojin ɗin asid yakan koma kan naitirojin, ƙwayar ta zama mai caji biyu, NH₃⁺ a kai ɗaya, COO⁻ a ɗaya kan, kuma haidurojin ukun nan kowanne yana riƙe da oksijin na maƙwabciyar ƙwaya. Wannan saƙa ta haɗin haidurojin ita ce ke riƙe da ginin gaba ɗaya, ita ce kuma ta sa amino asid ba sa narkewa da wuri, gilaisin sai ya wuce digiri 230 yake rushewa. Girgizar da ake gani iri biyu ce. Akwai ta ciki, inda atam ɗin ƙwaya ɗaya ke motsi a junansu, akwai kuma ta waje, inda ƙwayar dungurungum take lilo ko gocewa a gaban maƙwabtanta. Ka ɗauki L-alanin: atam 13 ne a ƙwaya, ƙwaya 4 a ƙaramin akwatin da ke maimaituwa, atam 52 ke nan, girgiza 156. Ka cire 3 na sauti, saura 153, daga ciki 132 na ciki ne, 21 na waje. Waɗannan na wajen, da ke zaune ƙasa da kusan 200 cm⁻¹, su ne suka fi jin duk wani canji a yadda ƙwayoyin suka jeru.

UmmuSadik:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara wani abu don kada SabonShiga ya tafi da fahimtar cewa kowane layi ƙasa yake yi idan an ɗumama. Layin miƙewar N-H sau da yawa sama yake yi. Oksijin ɗin maƙwabci yana jan haidurojin ɗin ne yana raunana haɗinsa da naitirojin, to da zafi ya nisanta ƙwayoyin, sai jan ya ragu, haɗin N-H ya ƙara ƙarfi, layinsa ya hau. A daidai lokacin kuma layin murɗawar NH₃⁺, wanda ke wajejen 480 zuwa 520 cm⁻¹ a irin waɗannan kiristal, yana sauka yana bajewa, domin abin da ke hana kan ƙwayar juyawa ya sassauta. Ni wannan layin nake fara dubawa, domin yana nuna halin da haɗin haidurojin ke ciki fiye da sauran.

Duk da haka, abin da 'yar'uwa ta gani ba wannan ba ne. C-H ba ya cikin haɗin haidurojin mai ƙarfi, kuma tsallen 10 cm⁻¹ da ya zauna daram bayan samfurin ya huce ba aikin kumbura ba ne, domin kumbura komawa take yi idan zafi ya sauka.

Dakta_Kiristal:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma a ganina alamomin da mai tambayar farko ta lissafa sun taru a wuri ɗaya. Gilaisin yana da siga uku a matsin iska na yau da kullum, alfa da beta da gama, ƙwaya ɗaya ce amma jerin ya bambanta. A alfa ƙwayoyin suna shimfiɗe ne hawa biyu-biyu suna fuskantar juna, Albrecht da Corey suka fayyace tsarinta a 1939. A gama kuwa sarƙoƙi ne masu murɗewa kamar igiya, duk sun fuskanci gefe ɗaya, Iitaka na Japan ne ya yi aikinta wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961. A zafin ɗaki gama ce ta fi kwanciya, amma alfa ta fi saurin fitowa daga ruwa zalla, shi ya sa yawancin mutane suke ɗauka duk abin da suka shuka alfa ne. Idan aka ɗumama gama, wajejen digiri 165 zuwa sama takan juye ta koma alfa, kiristal ɗin ya yi fari ya farfashe domin sabon jerin ba ya shiga gurbin tsohon, kuma idan ya huce ba ya komawa. Layukan C-H na gama suna ƙasa da na alfa da kusan 10 cm⁻¹, daidai da lambobin da kika kawo.

Saboda haka ina kyautata zaton ba da alfa kika fara ba, da gama kika fara, kika ƙare da alfa. Ki tuna da kyau, ruwa zalla kika yi amfani da shi, ko kin sa wani abu a ciki? Asid kaɗan, ko amoniya, ko gishiri, duk suna karkatar da gilaisin zuwa gama.

MaiLeza:
Dakta, na yarda bayaninka ya fi nawa dacewa da farin da kiristal ɗin ya yi gaba ɗayansa, domin ƙunar leza a ɗigo ɗaya take tsayawa, kuma ruwan ƙasa ko baƙi take yi, ba fari ba. Amma ban janye tambayata ba. Ko da sauyin na gaske ne, lambar da za ta rubuta a rahotonta a matsayin zafin da ya faru tana buƙatar tabbaci, kuma leza mai ƙarfi tana iya zama ita ce ta tayar da sauyin daga ɗigon da ta fi zafafawa.

Dalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai malamaina. Dakta, na koma littafin da nake rubuta aikina, kuma gaskiyarka ce. A karo na farko ƙananan kiristal na samu, sai a karo na biyu na ɗiga asid ɗin asetik kaɗan a ruwan ina fatan su fi girma, kuma daga wannan kwanon na ɗauki wanda na auna. Ban kawo shi a tambayata ba domin ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Malam MaiLeza, lezar a kan rabin ƙarfinta na bar ta, kuma matatar hasken da ke na'urarmu tana yanke duk abin da ke ƙasa da kusan 150 cm⁻¹, gefen kishiya ma ba ta nuna shi. Ke nan yawancin girgizar wajen da TsohonMalami ya ce su suka fi muhimmanci ba na ganinsu.

Masanin_Magani:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ya sa mu masu harhaɗa magani muke bin irin wannan tattaunawa da kunnen basira. Siga ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu, domin sinadari ɗaya a siga biyu yana iya bambanta a saurin narkewa, kuma maganin da bai narke ba jiki ba ya amfana da shi. Abin da ya faru da ritonavir, maganin cutar ƙanjamau, a 1998 kowa a fannin ya san shi: wata sabuwar siga da ba a taɓa gani ba, mai wuyar narkewa, ta ɓullo a masana'anta, har aka janye kafson daga kasuwa sai da aka sake tsara shi. Shi kansa gilaisin muna sa shi a magungunan allura da ake busarwa ta hanyar daskarewa, domin ya ba garin jiki, kuma a nan sau da yawa sigar beta ce ke fitowa, wadda ba ta da kwanciya, da ta shaƙi laima sai ta juye. Don haka sanin wace siga ce ke hannunka, da sanin abin da zafi da laima za su yi mata a ajiya, aiki ne na kullum. Raman ta yi mana rana a nan domin tana auna samfur ta cikin kwalbar gilashi ba tare da an buɗe ba.

Mai_Infurared:
Tunda kowa ya tsaya a kan Raman, bari in yi magana da yawun ɗaya ɓangaren. Girgiza ɗaya ake nema, amma hasken infurared yana ganin wadda ke canja rabon caji a ƙwayar, Raman kuma tana ganin wadda ke canja laushin gajimaren lantarkinta. Shi ya sa layukan COO⁻, na wajen 1600 da na wajen 1410 cm⁻¹, da na lanƙwasar NH₃⁺ suke fitowa da ƙarfi a infurared, C-C da C-H kuma suka fi kyau a Raman. A batun Malama akwai wata riba ta musamman. Tsarin alfa yana da cibiyar da kowane atam ke da takwaransa a ɗaya gefenta, kuma a irin wannan tsari girgizar da Raman ke gani infurared ba ya ganinta, wadda infurared ke gani Raman ba ta ganinta. Gama ba ta da wannan cibiya, saboda haka layuka da yawa suna fitowa a wuri ɗaya a na'urorin biyu. Kwatanta su kafin ɗumamawa da bayanta hujja ce mai zaman kanta.

Gargaɗina ɗaya ne, kada ki niƙa samfurin da gishirin KBr ki matse shi ya zama ƙwaya kamar yadda aka saba. Niƙa da matsi suna iya juya siga, KBr kuma yana shan laima, sai ki auna abin da ba shi kika ɗauko ba. Ki ɗora shi kai tsaye a kan lu'ulu'un ATR, wanda ake auna samfur da infurared a kansa ba tare da niƙa ba, ki danna a hankali.

Game da lalacewa da kika tambaya, ita ma tana da alamominta. Ni na taɓa ruɗuwa da asparajin mai ɗauke da ruwa a tsarinsa. Ina ɗumama shi, kafin a kai digiri 100 layuka suka hargitse, na yi murna na ɗauka na kama sauyin tsari. Da na dubi sama wajen 3400 cm⁻¹ sai na ga layin O-H na ruwan ya ɓace ɗungum, ashe ruwan ne ya fita, abin da ya rage wani abu ne daban. Gulutamik asid idan ya kusa digiri 200 yakan zubar da ruwa ya naɗe kansa ya zama zobe, gilaisin kuma ƙwaya biyu kan haɗu su zama zobe mai haɗin amaid, sai sababbin layuka su fito, samfurin ya fara rawaya, ƙyalli ya lulluɓe layukan Raman musamman da leza kore irin taki. Tunda naki fari ya yi, kuma layukan gilaisin suna nan wuri kawai suka sauya, ban ga alamar lalacewa ba. Na'urar da ke auna nauyin samfur yayin ɗumamawa za ta yanke wannan gardama a awa ɗaya: idan nauyi bai ragu ba, babu abin da ya fita.

SabonShiga:
Na gode Malam da Malama UmmuSadik, yanzu na gane. Wato idan lanƙwasar tana da santsi, zafi ne kawai ke aikinsa, idan ta karye ko yawan layuka ya canja, tsarin ne ya canja. Ke nan da Raman kaɗai mutum zai iya cewa ya gano sauyin tsari?

Dakta_Kiristal:
A'a ɗan'uwa, ni ban yarda da haka ba, kuma a nan nake da tsauri. Raman tana gaya maka cewa wani abu ya canja a kewayen ƙwayar, ba ta gaya maka inda kowane atam ya koma. Wanda zai ce tsari ya sauya sai ya kawo awon eksire da ke nuna sabon akwati, wato sabon jerin da ke maimaituwa a kiristal ɗin, ya kuma kawo awon DSC da ke nuna zafin da samfurin ya haɗiya a wurin. Na ga rahotanni da yawa da aka gina a kan layi ɗaya da ya rabu biyu, alhali layuka biyu ne tun asali da suka hau kan juna, sanyi ya sirantar da su har aka iya bambance su. Haka kuma idan kiristal ya ɗan juya a kan faranti yayin da yake kumbura, ƙarfin layuka yakan canja domin ya dogara ga fuskar da haske ya bugo. Ko a batun Malama, da nake da yaƙini a kai, ba zan sa hannu a rahoton ba sai na ga eksire na garin kafin da bayan.

TsohonMalami:
Dakta, a kan gilaisin ba ni da ja, eksire zai raba gardama domin akwatin alfa da na gama ba su yi kama ba. Amma ina tsoron kada ɗalibai su fahimci cewa duk abin da eksire bai gani ba bai faru ba. Eksire matsakaicin wurin atam yake bayarwa, kuma haidurojin, wanda shi ne jigon maganarmu, da ƙyar yake ganinsa domin lantarki ɗaya gare shi. Ka dubi L-sisteyin. A zafin ɗaki haidurojin ɗin da ke kan salfa yana raba ƙafa, a wasu ƙwayoyin yana fuskantar salfar maƙwabci, a wasu yana fuskantar oksijin, kuma layin S-H da ke wajen 2550 cm⁻¹ yana nuna hakan ƙarara domin babu wani layi a kusa da zai rufe shi. Idan aka sanyaya, sai su daidaita su fuskanci salfa, kuma masu bincike a Novosibirsk ta Rasha, rukunin Elena Boldyreva, sun ga alamar hakan wajen kelbin 70, wato kusan digiri 203 ƙasa da sifili, a awon ɗaukar zafi, alhali akwatin bai canja irinsa ba. Wannan canji ne na gaske a cikin kiristal, kuma girgiza ce ta fi bayyana shi.

L-alanin ya fi wannan ɗaure kai. Tsarinsa ba ya sauyawa daga sanyi mai tsanani har zafin ɗaki, amma yana da layuka biyu na waje a 42 da 49 cm⁻¹ waɗanda ƙarfinsu ke canjawa da zafi ta hanyar da lissafin da aka saba bai bayyana ba. Migliori da abokan aikinsa sun ruwaito haka a 1988, suka fassara shi da cewa kuzarin girgiza yana taruwa ne a wuri ɗaya maimakon ya bazu. An yi ta muhawara a kan fassarar, amma abin da aka gani yana nan. Shi wannan kiristal ɗin, ɗaya daga cikin ɓangarorinsa uku tsukewa yake yi idan aka ɗumama shi, sauran biyun suna kumbura. Wanda ya tsaya a kan tambayar ko akwati ya canja ko bai canja ba zai wuce duk wannan bai gani ba.

Dakta_Kiristal:
Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin misalanka ba, sai dai ka lura cewa a sisteyin ma awon ɗaukar zafi ne ya tsaya wa Raman shaida. Abin da nake ƙi shi ne a kira kowace karaya a zane da sunan sauyin tsari. A ce an ga canji a motsin ƙwayoyin, wannan magana ce da bayanan suka ɗauka. L-lusin misali ne na yadda ya kamata a yi: masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Ceará da ke Fortaleza a Burazil, waɗanda suka daɗe suna bin amino asid ɗaya bayan ɗaya da Raman, sun ga canji wajen kelbin 353, wato digiri 80, a layukan waje da na C-H, kuma awon zafi ma yana nuna wani abu a wurin. Hujja biyu daga hanya biyu, a nan hankalina yake kwanciya.

UmmuSadik:
Ina ganin malaman biyu kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, amma bari in dawo da mu ga mai tambaya, wadda matatarta ba ta ganin ƙasa da 150. 'Yar'uwa, ba ki rasa komai ba tukuna. Ki bi layin murɗawar NH₃⁺ da layukan lanƙwasar COO⁻ da ke tsakanin 500 da 700, da babban layin C-C na wajen 893, ki ciro wurin kowanne da faɗinsa ta hanyar lissafi, kada ki dogara da ido. Ki riƙa auna silikon a farkon aiki da ƙarshensa, layinsa yana kusa da 520, domin ki tabbata ba na'urar ce ke zamewa ba. Idan kina shakkar wane layi ne na NH₃⁺, ki sake shuka kiristal ɗin a ruwa mai nauyi, wato ruwan da ke ɗauke da diteriyam, nau'in haidurojin mai ninkin nauyi, diteriyam ɗin zai maye gurbin haidurojin ɗin da ke kan naitirojin, layukansa su sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na C-H su tsaya inda suke. Sai dai ki sani cewa ruwa mai nauyi shi ma yana karkatar da gilaisin zuwa gama, don haka ki duba sigar da kika samu kafin ki kwatanta.

Dalibar_Kimiyya:
Malamaina, na dawo da abin da na samu cikin kwana uku. Na rage lezar zuwa kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta na tsawaita lokacin ɗauka. Kiristal na kwanon farko, na ruwa zalla, tun a zafin ɗaki layinsa yana kusa da 2972, kuma na kai shi digiri 200 bai yi tsalle ba, bai yi fari ba, zamewa kawai yake yi a hankali. Na kwano na biyu kuwa na gwada guda biyu, duka sun juye kamar na farko. Na tsaya ina kallon ɗaya ta madubi, na ga farin ya taso daga wata kusurwa da ta ɗan guntule, nesa da inda lezar take, ya ratsa jikin kiristal ɗin kamar yadda ruwa ke cin takarda. Abin da ya rage mini shi ne ba su juye a zafi ɗaya ba, ɗaya wajen 172, ɗayan sai da ya haura 185. An ba ni rana a mako mai zuwa don awon eksire. Wace lamba ce zan rubuta a matsayin zafin sauyin?

MaiLeza:
Tunda farin daga kusurwa ya taso ba daga ƙarƙashin hasken ba, na sauke zargina a kan leza. Ina dai roƙon ki gwada farantin da wani abu da aka san zafin narkewarsa, domin saman kiristal mai kauri yakan fi ƙasansa sanyi da 'yan digiri.

Dakta_Kiristal:
Kada ki rubuta lamba ɗaya Malama, ki rubuta duka ukun tare da girman kowane kiristal da saurin da kika ƙara zafi. Bambancin da kika gani ba kuskure ba ne, halin wannan sauyi ne. Kafin gama ta zama alfa sai haɗin haidurojin sun tsinke an sake ƙulla su a wani jeri, kuma hakan yana buƙatar wurin farawa, tsaga ko guntuwa ko ɗan ruwan da ya maƙale a ciki lokacin shuka. Kiristal mai aibi da wuri yake juyewa, mai tsabta yakan jure har ya wuce inda ya kamata, shi ya sa lambobin da aka wallafa suka bazu daga wajen 165 har kusan 200. Zafin da sigogin biyu suke daidaita a kwanciya yana ƙasa da inda ake ganin juyewar, kuma ba da ɗumamawa kaɗai ake samunsa ba.

TsohonMalami:
'Yata, kafin ranar eksire ki yi mini abu ɗaya idan akwai sauran kiristal a kwano na biyu. Daga digiri 150 ki riƙa hawa da digiri biyu-biyu, ki sa hasken kusa da kusurwar da kike zaton farin zai taso, ki zuba ido a kan faɗin layin murɗawar NH₃⁺. Ina so in san ko yana bajewa fiye da yadda lanƙwasarsa ta saba a 'yan digirin da suka rage kafin juyewar, ko kuwa yana tafiya lafiya lau har lokacin da farin ya iso wurin. Ki ajiye guda ɗaya da bai taɓa jin zafi ba da wanda ya riga ya juye a kwalabe daban masu murfi, ki rubuta kwanan wata a jikin kowacce.